Sharhi kan Gwajin Kashin Maruƙa a Wani Asibitin Dabbobi da ke Jos

Duk mai kiwon shanun madara a kewayen Jos ya san cewa makonni uku na farko su ne mafi hatsari a rayuwar maraƙi, musamman irin ruwa-biyun nan na Firishiyan da Bunaji, waɗanda ba su da juriyar shanunmu na gida. Abin da aka saba yi idan zawo ya kama maraƙi shi ne a ɗura masa albendazole ko a yi masa allurar ivermectin, sannan a zuba ido. A daminar bana, da zawo mai ruwa-ruwa, launin ɗorawa, ya shiga cikin maruƙan gonata da ke wajen Bukuru, na kira wani asibitin dabbobi mai zaman kansa domin a gwada kashinsu kafin a ba su komai, kuma wannan aikin ne nake son yin bayani a kansa.

Likitan ya zo da kansa, ya ɗebi kashin kai tsaye daga jikin kowane maraƙi maimakon ya kwasa a ƙasa, ya tambayi kwanakin haihuwarsu, sannan ya duba inda suke kwana. Sakamakon ya nuna ƙwayar da ake kira Cryptosporidium parvum, wadda ba tsutsa ba ce irin wadda ido ke gani. Halitta ce mai ƙanƙanta ƙwarai, sai an rina kashin an sa shi a madubin likita kafin a gan ta. Tana manne wa bangon ƙaramin hanji ta lalata shi, har maraƙi ya kasa amfana da nonon da ya sha, ruwan jikinsa ya ƙare, idanunsa su faɗa ciki. Ta fi kama masu mako 1 zuwa 3, kuma magungunan tsutsar da muka saba saye ba sa taɓa ta ko kaɗan. Wannan bayani kaɗai ya isa kuɗin gwajin a wurina.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai hanzarta rubuta magani ba. Ya fara ne da ruwan gishiri da sukari na dabbobi tsakanin shan nono, ya kuma hana a yanke musu nonon, domin ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe maraƙi tun kafin ƙwayar ta gama ɓarnarta. Game da halofuginone, maganin da aka tanada domin wannan cuta, ya ja mini kunne sosai: ana ba da shi sau ɗaya a rana har kwana 7, bayan maraƙi ya sha nono, gwargwadon nauyinsa daidai, saboda ninka awon yana iya zama guba. Bai yarda a bai wa waɗanda suka riga suka galabaita ba, sai sababbin haihuwa, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa maganin rage cutar yake yi, ba kawar da ita ba.

Ya kuma bambance mini ƙwayar Cryptosporidium da wasu biyu da ake rikita su da ita. Ƙwayar Eimeria takan bayyana ne daga mako 3 zuwa sama, da zawo mai jini da yawan nishi, ita kuwa tsutsar Toxocara vitulorum ta cikin nonon uwa take shiga maraƙi. Kowacce da maganinta.

Aikin bai rasa gazawa ba. Sakamakon ya yi jinkiri fiye da yadda ya dace da cutar da ke iya kayar da maraƙi cikin 'yan kwanaki, kuma samun halofuginone ɗin ya yi wuya. Takardar ma da Turancin likitoci aka rubuta ta, alhali masu kula da maruƙan Hausa da Fulatanci suke ji. A yankin da ke da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom tun 1924, da ƙwararru masu yawa, ya kamata ƙananan asibitoci su riƙa bai wa makiyayi bayanin da zai karanta da kansa.

Shawarwarin tsafta ne suka fi yi mini amfani daga baya. Ƙwan Cryptosporidium ɗin yana jure sinadarin kulorin, yana kuma daɗewa a wuri mai danshi da sanyi irin na Jos, don haka muka raba maruƙan, muka riƙa sauya shimfiɗa busasshiya, muna wanke bokitin nono da tafasasshen ruwa, muna tabbatar da kowane jariri ya sha dakashi isasshe cikin awa 6 na farko. Likitan ya kuma gargaɗe mu cewa cutar tana kama mutane, musamman ƙananan yara, shi ya sa aka hana yara shiga garken, aka ajiye sabulu a ƙofarsa. Maruƙan da aka haifa bayan haka sun yi zawo mai sauƙi, kuma zan sake kiran asibitin tun ranar farko da na ga kashi ya sauya, tare da neman su ba ni sakamakon ta waya kafin takarda ta fito.