Shekara guda da katin inshorar lafiya a Yamai

A bara na yi rajista da wani kamfanin inshorar lafiya a nan Yamai, bisa yarjejeniyar cewa zai ɗauki kashi 80 cikin ɗari na kuɗin jinya, ni kuma in cika ragowar. Abin da ya ja ni shi ne, kulawar kyauta da gwamnati ta soma a 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa, amma saurayi irina sai abin da aljihunsa ya ba shi.

Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a watan Satumba, katin ya yi mini rana, domin an auna jinina, an ƙara mini ruwa, kuma abin da na biya bai kai jaka biyar ba. Biyan kuɗin wata-wata ta waya ma ba ya da wahala.

Inda suka gaza shi ne kantin magani. Da daddare na je wani kanti a Yantala, mai sayarwar ta juya katin gaba da baya, ta ce, “Malam, ka yi haƙuri, mun daina karɓar wannan.” Na biya da kuɗina, kuma sai da na yi wata biyu ina sintiri a ofishinsu da rasiti kafin a mayar mini. Matashin da sau ɗaya yake zuwa asibiti a shekara, da wannan zuwan yake auna kamfani, shi ya sa abokan aikina biyu suka ƙi sabunta nasu. Ni na sabunta, amma na wata shida kawai.