Cefanen tsarin paleo a Maraɗi: me za a saya in an ajiye tuwo da fura?

Tsarin paleo ya tsaya ne a kan cin irin abin da ake zaton mutane na ci kafin a fara noma: nama, kifi, ƙwai, ganye, saiwoyi da ƴaƴan itace. Wani masani ɗan Amurka, Loren Cordain, shi ya yayata shi da littafinsa na 2002. Abin da tsarin ya ce a bari kuwa shi ne gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, wake, gyaɗa, waken suya, nono da sukari. Wato tuwo, fura, kunu, ɗanwake, awara da ƙuli-ƙuli duk sun fita. A garin da ya yi suna da gyaɗa, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne, don haka kafin ka ɗauki jaka ka nufi kasuwa, yanke shawarar iyakar da za ka kai.

Mai tsanantawa, wanda ya bar hatsi kuma ya rage saiwoyi, zai kashe kuɗi fiye da kowa, domin nama da ƙwai ne za su cike gurbin tuwo. Mai matsakaicin tsari yana barin hatsi da sukari amma ya riƙe dankali, rogo, doya da kabewa. Akwai kuma mai sassautawa, da ke ƙara nono marar sukari da ɗan wake. A ganinmu matsakaicin ne ya fi dacewa da mai motsa jiki, kuma wanda aljihunsa bai da nauyi kada ya ji kunyar riƙe wake, don binciken lafiya bai kama wake da laifi ba.

Nama ne ke cinye mafi yawan kuɗin. Mutum mai kilo 70 da ke ɗaga ƙarfe yana neman furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 110 a yini. Ƙwai uku sun ba shi 18, dafaffiyar tsoka giram 200 ta ba shi kamar 50, kifi giram 150 ya ƙara 30 da ɗoriya. Amma kilon mahauci ba kilon faranti ba ne: akwai ƙashi da kitse, sannan tsoka na rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta a wuta. Saboda haka gwada kuɗin tsoka zalla da na nama mai ƙashi kafin ka ce wannan ya fi araha. Naman akuya ya fi na ragon turke ƙarancin kitse, kuma dabbar da ta yi kiwo a daji, wadda Turawa ke biyan kuɗi mai yawa a kanta, ita ce ta cika kasuwanninmu. Hanta sau ɗaya a mako ta isa. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna, saboda yawan bitamin A da ke ciki.

Inda mutane ke faɗawa shi ne wurin mai gashi. Kilishi ana tsoma shi ne cikin labu na tunkuzar gyaɗa, wasu har da ɗan sukari. Tsire ana birkiɗa shi cikin garin ƙuli. Balangu ne ya tsira, shi ma sai ka ce a ba ka ba yaji, don yajin mai nama yawanci da ƙuli da magi a cikinsa. Daka naka a gida: barkono, citta, masoro, kanumfari da gishiri kaɗan. Haka kwaɗon zogale na talla, ƙuli ne ke haɗa shi. Sayi ganyen, wanda lambunan Jiratawa ke fitarwa da yawa, ka dafa, ka kwaɗa da niƙaƙƙen riɗi, albasa da tumatir.

Da damina ƙwan zabi kan yi araha, ɓawonsa mai kauri ne, yana jure ajiya. Jefa shi cikin ruwa: wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya taso sama a bar shi. Ɗanyen kifi, na tabkin Madarunfa ko na wani wuri, duba jan da ke ƙarƙashin kunnensa da hasken idonsa, ka danna tsokar ka ga ta dawo. Busasshe kuwa karya ɗaya ka duba ƙwari da hunhuna, ka sunsuna. In ka ji warin magani, wuce. Wannan gargaɗin ya shafi fara ma, wadda ta dace da tsarin sarai, in dai ba daga gonar da aka yi wa feshi aka kamo ta ba.

Sai abin da zai maye tuwo. Dankalin Hausa na da sitaci kamar giram 20 a cikin 100, rogo ya kusa ninka haka, kabewa kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ranar gudu ko ƙwallo, dankali giram 300 zuwa 400 a raba biyu, kafin motsa jiki da bayansa. Ranar hutu, kabewa da miyar kuɓewa ko ta kuka. Rogo ba ya jira: kwana biyu ko uku bayan tono sai baƙin zane ya fito a cikinsa, don haka kada a saya da yawa, kuma mai ɗaci ba a cinsa sai an fere, an jiƙa, an dafa sosai.

Aya ita ce gatan ɗan Maraɗi a wannan tsari. Saiwa ce, ba dangin gyaɗa ba, kuma jiharmu ce kan gaba wajen nomanta a Nijar. Sayi busasshiya da tiya, ka tsince tsakuwa, ka jiƙa ta kwana ɗaya. Tafin hannu ɗaya ya isa da farko, in an zarce ciki ya kumbura saboda yawan dusarta. Soyayyar aya mai sukari da dakuwa ba sa ciki. Kunun aya da dabino biyu ko uku ya halatta, sai dai da zafin bazara yana tsami cikin ƴan awoyi in ba a sanyaya ba. Dabino, goriba da mangwaro ƴaƴan itace ne, amma wanda ya cinye kwanon dabino ya sha sukari ke nan ta wata ƙofa.

Batun mai gajere ne. Man gyaɗa ya fita, man zaitun na da tsada kuma ana samun jabu. Manja da man riɗi sun wadatar, wasu kuma na yarda da soyayyen man shanu. Cokali biyu zuwa uku a yini. A miya, daddawar batso ta ƴaƴan yakuwa ta fi shiga tsarin a kan ta kalwa.

Makon farko da barin hatsi, da yawa na fama da ciwon kai da kasala, domin jiki na zubar da ruwa da gishiri yayin da sitacin da ya ajiye ke ƙarewa. Ƙara ruwa, ka ƙara dankali, kuma kada ka yanke gishiri mai aidin gaba ɗaya, don gudun maƙoƙo. Ƙasa da giram 5 a yini shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya bar nono ya nemi kalsiyam, wato sinadarin ƙarfafa ƙashi, wajen miligiram 1,000 a yini, daga zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allurar insulin, da mai ciwon ƙoda, kada su fara sai likita ya duba su, domin sukari na iya faɗuwa ƙasa farat ɗaya, yawan furotin kuma nauyi ne ga ƙodar da ta riga ta raunana.