Kwas ɗin koyarwa na wata uku da na biya wa kuɗi a Kano

Ni Kimiyyar Halittu na karanta a jami'a, ban yi fannin ilimi ba. Bayan bautar ƙasa na samu aiki a wata makaranta mai zaman kanta a unguwarmu, ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare. Shekara huɗu ina riƙe da alli, amma a takarda ni ba malama ba ce, domin ba ni da rajistar TRCN, hukumar da aka kafa a 1993 don yi wa malaman Najeriya rajista. Tun abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar da gwamnatin jihar ta yi musu aka sallame su, kowane malami a Arewa ya san ranar tambayar takardu tana iya zuwa ba sallama. Da shugabar makarantarmu ta fara maganar rajista a taron malamai, hankalina ya tashi.

A cikin wannan halin na ga tallan wata cibiya a WhatsApp. Ba zan faɗi sunanta ba, a saman bene take a wata filaza cikin gari, kuma irinta suna da yawa. Na buga lambar, wani saurayi mai zaƙin baki ya ɗauka. Cikin minti goma ya yi mini alkawari huɗu: zan gama a wata uku, satifiket ɗin na ƙasa da ƙasa ne, da shi zan yi rajistar TRCN kai tsaye, kuma suna da makarantu a Abuja da Saudiyya masu jiran ɗalibansu. Na tambaye shi gwajin koyarwa fa, wato a shiga aji a koyar a gaban mai dubawa? Ya ce, "Hajiya, ke da kike cikin aji kullum, me za ki yi da shi?" Sai ya ƙara da cewa rangwamen zai ƙare ranar Juma'a, gurbi uku ne kawai ya rage. Kashegari ya kira ni sau biyu. Ranar Alhamis na tura Naira 85,000, kuɗin adashina da na daɗe ina jira.

Zan yi musu adalci, domin akwai abin yabo. Ɗakin karatun tsaf yake, da fanka da majigi, janareta kuma ba ya ɓata lokaci idan an ɗauke wuta. Ana fara darasi a kan lokaci ranar Asabar da Lahadi. Mafi alherin abin da na samu a wurin shi ne wani dattijo, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, wanda ya ɗauke mu tsarin darasi da riƙon aji. Shi ya nuna mini cewa shekara huɗu ina rubuta manufar darasi ba daidai ba. Nakan rubuta "ɗalibai su fahimci yadda tsiro ke haɗa abincinsa", ya ce da me za ki auna fahimta? Ki rubuta abin da yaro zai iya yi a gabanki a ƙarshen minti arba'in: ya lissafo, ya zana, ya bambanta. Ya kuma koya mana mu jefa tambaya ga aji duka, mu ɗan yi shiru, sannan mu kira suna, don kowa ya yi tunani kafin ya san wa za a kira. Har yau da waɗannan nake aiki, kuma ina yi masa addu'a.

Sauran malaman kuwa karanta mana abin da ke kan majigi suke yi. Babu wanda ya taɓa zuwa ajina ya ga yadda nake koyarwa. Jarrabawar ƙarshe ma gida aka ba mu muka tafi da ita.

A mako na goma na tsaya bayan darasi na tambayi dattijon nan. Na ce, "Baba, don Allah ku gaya mini, wannan takardar za ta kai ni TRCN?" Ya yi jim, sannan ya ce, "'Yata, ni koyarwa aka ɗauke ni in yi, ban san abin da aka faɗa muku a waya ba. Ki je ofishin hukumar da ƙafarki ki tambaya." Na je. Jami'in da na samu ya duba takardar da kyau, ya mayar mini cikin mutunci, ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na nema tun farko. Takardun da ake rajista da su su ne NCE, ko digirin ilimi, ko kuma mai digiri a wani fanni irina ya haɗa da babbar diflomar ilimi, PGDE ko PDE, daga makarantar da aka amince da ita. Bayan haka akwai jarrabawar cancanta da hukumar ke yi a kwamfuta tun 2017, wadda babu wata cibiya da za ta iya lamunce wa mutum cinta. Abin da ke hannuna shaidar halartar bita ce kawai.

Da na koma cibiyar, saurayin ya ce shi bai ce "kai tsaye" ba. Na duba rasit da fom, babu TRCN, babu Saudiyya, babu ko kalma ɗaya daga alkawuran. Duka a baki aka yi su. Tambarin "ƙasa da ƙasa" da ke jikin satifiket ɗin kuma na wata ƙungiya ce da ban samu wata makaranta da ta san ta ba. Ko sisi ba a mayar mini ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wata 'yar ajinmu, bazawara mai 'ya'ya uku, wadda sakandare kawai ta gama. An ce mata wannan takardar daidai take da NCE. NCE karatun shekara uku ne a kwalejin ilimi da NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, ta amince da ita, da gwajin koyarwa na watanni a ciki, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da tsarin ilimin ƙasar nan ya yarda a yi koyarwa da ita. Ta sayar da keken ɗinkinta ta biya. Da a ce sun tallata kwas ɗin a matsayin bitar ƙara wa malamai sani, a kan kuɗin da bai kai haka ba, da ni da kaina zan tura musu abokan aikina, saboda dattijon nan kaɗai. Sayar da shi da sunan takardar zama malami zalunci ne, kuma waɗanda ake yi wa shi su ne marasa ƙarfi.

Daga baya na shiga PGDE ta NTI, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar ajinsu ba. Karatun ƙarshen mako ne a cibiyar karatu da ke kusa da ni. Babu wanda ya kira ni a waya yana cewa gurbi zai ƙare. Sai da na cika shekara ina fama, na yi tarihin ilimi da falsafarsa da halayyar ɗalibai da awon ƙwazo, na rubuta kundin bincike, mai duba gwajin koyarwa kuma ya zo ya zauna a bayan ajina da biro ya ba ni maki. Jami'o'i da kwalejojin ilimi da dama su ma suna yin irin wannan diflomar.

Yanzu duk wadda ta turo mini irin wannan talla tana neman shawara, nakan ce ta tambaye su sunan wace jami'a ko kwaleji ne zai fito a jikin takardar, sannan ta kira makarantar da kanta ta ji ko sun san da cibiyar. Ta tambayi mako nawa ne gwajin koyarwa da wanda zai zo dubawa. Alkawarin aiki da na mayar da kuɗi kuma a rubuta mata su a takarda da sa hannu, in sun ƙi ta riƙe kuɗinta. Makon jiya ƙanwar maigidana ta yi wa wata cibiyar waɗannan tambayoyin a gabana, mai tallan ya ce zai tambayo oga ya kira ta. Yau kwana tara bai kira ba.