Fartanya, garmar shanu ko feshi: wanne ya dace da gonar gero?

Kafin ka taka shagon maganin ciyawa, fara duba gonarka: gero ne zalla, ko da wake a tsakani? In da wake, manta da atrazine. Yana kashe ciyawa mai faɗin ganye, kuma wake da gyaɗa ma bai bar su ba. A ƙasar jigawa mai rairayi, irin ta Gumel ko Damagaram, ruwan sama na iya gangarar da shi har saiwar geron, shuka ta fito rawaya.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗauko maganin masara su fesa wa gero. Gero ɗan uwan ciyawa ne, don haka maganin da ke kashe harƙiya da gude-gude, kamar mai ɗauke da metolachlor ko nicosulfuron, na iya haɗawa da shi. Kada mai shago ya ce maka ai duk hatsi ne. Karanta jikin kwalbar, ka ga an ambaci gero, ka ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Glyphosate kuwa na share fili ne kafin shuka, ba ya tantance komai.

Garmar shanu ta fi sauƙi ga mai faɗin gona, in dai an shuka a layi. Sai dai ba ta taɓa ciyawar da ke gindin shuka, dole a bi da hannu.

Shi ya sa ni fartanya nake sa wa kuɗi tukuna. Noman firi cikin mako 2 zuwa 3 da tsirowa, a haɗa da cira, sai maimai bayan kamar mako 3. Ƙwadago na tsada a lokacin, kowa na neman hannu, amma geron da ciyawa ta danne a makonnin farko ba ya murmurewa sosai.

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, maganarta daban ce. Tana tsotsar saiwa tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin ka ga furenta ta riga ta yi ɓarna. Tushe ɗaya na zubar da dubban iri masu daɗewa shekaru a ƙasa. Kuɗin da za ka kashe a feshi saboda ita, gara ka sayi takin gargajiya da irin wake na shukawa a tsakanin geron, ita kuma wuta-wutar ka tuge ta kafin ta yi iri, ka ƙone a wajen gona.