Jerin kamfanonin SEC a intanet: abin da yake kamawa da abin da ke kuɓuce masa

Da zarar kuɗin riɗi ya shigo hannu a Maigatari da Gumel, ko manoman Kura suka sayar da shinkafa, sai masu tallan zuba jari su ɓullo ta WhatsApp da takardu masu hatimi. Hukumar kula da kasuwar hannun jari, wato SEC, tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta na sec.gov.ng. Dubawa kyauta ce, data kawai za ka ƙona.

Ka nemi cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a takardarsu, ba sunan talla ba. In ya fito, duba aikin da aka ba shi izini, domin dillalin hannun jari daban, mai karɓar kuɗin jama'a ya juya daban. Sannan ka gwada adireshin da wanda aka ba ka, saboda 'yan damfara kan ari sunan kamfani na gaskiya. In aka ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, magana ta ƙare.

A nan jerin yake da amfani sosai. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaidar kafa kamfani ce kawai. Ta SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, ita ma ba lasisin karɓar jari ba ce, amma su ake ɗaga wa mutanen karkara. CBEX, dandalin zuba jari na bogi da ya rufta da kuɗin mutane a Afrilun 2025 ba shi da rajistar SEC, haka MMM da ya tsaya cak a Disamban 2016. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu irin wannan harka.

Matsalar jerin, da Turanci yake, kuma inda sabis ke rawa sai an yi haƙuri. Dattijon da bai yi boko ba dole ya nemi mai karanta masa, kuma kada mai karantawar ya zama wakilin da ke jiran kamasho.

Babban giɓin shi ne rajista ba ta hana shugabanni ƙarya. Cadbury Nigeria yana kan kasuwar hannun jari lokacin da aka gano a 2006 cewa an kumbura alƙaluman asusunsa da biliyoyin naira, daga baya SEC ta hukunta wasu shugabanninsa. Jerin ba zai nuna maka wannan ba. Sai ka buɗe rahoton shekara da masu binciken asusu suka sa wa hannu: in riba na hawa, tsabar kuɗi ba ta shigowa, bashin da kamfanin ke bin masu saye kuma na ta tulawa, a yi hattara. Kuma duk hannun jarin da dillali ya ce ya saya maka, ka nemi CHN, wato lambar shaidarka ta mai zuba jari, ka ga ya shiga asusunka na CSCS, ma'ajiyar hannun jari, da sunanka.