Finafinan masu shan jini: wanne za ka sa a tura maka?

Kafin ka miƙa wayarka wurin mai tura finafinai, ka fara sanin cewa masu shan jinin nan na Turawa, waɗanda suke kira bamfaya, ba mayu ba ne irin na labaranmu. Maye kurwa yake kamawa, kuma rayayyen mutum ne. Shi kuwa bamfaya matacce ne da ya tashi, jini ne abincinsa, rana na ƙona shi, ana kashe shi da tsinin itace a ƙahon zuci. Daga nan kowane fim mai dogon zango ya ɗauki hanyarsa: wani yana so ka ƙaunace su, wani yana so ka kasa barci.

Wanda aka fi sani shi ne The Vampire Diaries, da aka yi daga 2009 zuwa 2017, zango 8, kashi 171. A garin Mystic Falls, 'yan'uwa biyu masu shan jini, Stefan da Damon, suna son yarinya ɗaya, Elena. Nan bamfaya kyakkyawan saurayi ne mai zoben da ke kare shi daga rana, kuma ba ya iya shiga gidan mutum sai an ce masa ya shigo. Wannan dokar tana burge ni, domin sau da yawa sai ka ga mugu tsaye a bakin ƙofa yana murmushi, yana jiran kalma ɗaya tak. Zangunan farko suna da daɗi ƙwarai. Daga baya labarin ya riƙa jan ƙafa, wanda ya mutu yau ya dawo gobe, har mutuwar ta daina taɓa zuciya.

Ni dai da za a tambaye ni, The Originals zan ce a fara da shi. Reshe ne na wancan, daga 2013 zuwa 2018, zango 5, kashi 92, a birnin New Orleans. Soyayya ba ita ce ginshiƙinsa ba, zumunci ne. Klaus, Elijah da Rebekah, 'yan'uwa masu shan jini, sun shekara dubu tare, sun ci amanar juna ba adadi, amma da bare ya taɓa ɗaya sai su haɗa kai. Klaus kan soke ɗan'uwansa da wuƙa ta musamman, ya ajiye shi cikin akwatin gawa shekara da shekaru, ya riƙa yawo da akwatin duk inda ya je don ba ya iya rabuwa da shi. Duk wanda ya tashi a babban gida zai gane irin wannan ƙaunar mai haɗe da ciwo. Ba dole ne sai ka kalli na farkon kafin ka fahimce shi ba.

Mai neman tsoro tsagwaronsa ya nemi The Strain, 2014 zuwa 2017, kashi 46 kacal. Jirgin sama ya sauka a New York shiru, fitilu a kashe, fasinjoji kamar duk sun mutu. A nan shan jini annoba ce, wasu tsutsotsi ke yaɗa ta, kuma wanda ya kamu iyalinsa yake fara nema. Babu kyakkyawa ko ɗaya a cikinsu. Kada ka kalle shi kana cin abinci.

Buffy the Vampire Slayer, 1997 zuwa 2003, tsoho ne, hotonsa ma ya nuna shekarunsa, amma yarinyar da ke farautar masu shan jinin tana da jarumta, kuma da ta soke su sai su zama ƙura, don haka jinin ba shi da yawa.

True Blood kuwa, na tashar HBO, 2008 zuwa 2014, dabararsa mai kyau ce: an ƙirƙiro jinin kwalba, masu shan jini suka fito fili suna neman 'yanci kamar kowa. Sai dai tsiraicin da ke cikinsa ya wuce misali. Ban ba kowa shawarar ya sa shi a wayar da yara ke ɗauka ba.

Sauran ma ba na yara ba ne. Kuma ko wanne ka zaɓa, ka ce a tura maka zangon farko kaɗai, ka duba murya da hoto tun kana shagon, kafin ka cika memori da kashi ɗari.