Manhajar PTSD Coach: Amfaninta ga Tsohon Soja da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Na sauke manhajar PTSD Coach (PTSD shi ne ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali) a wayata ne saboda wani ɗan'uwana da ya yi shekaru a fagen daga kafin ya ajiye kaki, wanda har yau ba ya runtsawa sai an kusa kiran assalatu, kuma ƙarar fashewar taya a bakin titi takan sa shi zabura kamar an dawo da shi bakin daga. Maganar asibiti ba ta shiga kunnensa, domin a ganinsa namijin da ya tsaya gaban harsashi ba zai zauna gaban likita yana ba da labarin mafarki ba. Na yi makonni ina amfani da ita da kaina kafin na nuna masa, don kada in miƙa masa abin da ban san cikinsa ba.

Manhajar ta fito a shekarar 2011, kuma cibiyar nazarin ciwon firgici ta Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta Amurka ce ta ƙirƙire ta tare da haɗin gwiwar Ma'aikatar Tsaron ƙasar, a lokacin da dubban sojoji ke komowa daga Iraƙi da Afganistan. Kyauta ce a wayoyin Android da iPhone, babu talla a cikinta, ba a buƙatar buɗe asusu, kuma yawancin abubuwan da ke ciki suna aiki ko babu intanet. Abin da mutum ya rubuta yana zama a cikin wayarsa. Wannan batu na sirri ba ƙarami ba ne ga wanda aikinsa ya horar da shi a kan riƙe baki.

An kasa ta gida huɗu: sashen ilmantarwa a kan ciwon, sashen auna kai, sashen magance damuwa a lokacin da ta taso, da sashen neman taimako. Sashen auna kai yana ɗauke da tambayoyi 20 waɗanda likitoci ke amfani da su, kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 4, jimillarsu 80, kuma manhajar tana adana sakamakon domin mutum ya ga ko sauƙi yake samu ko abin gaba yake yi.

Inda ta fi burge ni shi ne sashe na uku. Mutum zai zaɓi abin da ke damunsa a daidai wannan lokaci, ko fushi ne, ko fargaba, ko rashin barci, ko tunanin abin da ya wuce da ya dawo masa ba sallama, sannan ya auna tsananinsa daga 0 zuwa 10. Daga nan sai ta ba shi wani ɗan aiki na mintoci kaɗan, kamar jan numfashi a hankali bisa jagorancin murya, ko ɗaure tsokar jiki da sake ta gaɓa bayan gaɓa, ko mayar da hankali ga abin da ido ke gani da abin da tafin ƙafa ke taɓawa har zuciya ta gane cewa a ɗaki take, ba a daji ba. Idan ya gama, sai ta sake tambayarsa makin. Wannan tsari na aunawa, a yi aiki, a sake aunawa, ya dace da tunanin soja, wanda ya saba da umarni gajere da sakamako bayyananne, kuma na lura cewa shi ne kaɗai sashen da ɗan'uwan nawa yake komawa ba tare da an tuna masa ba. Ana kuma iya saka hotuna da sautuka na kai, don haka ya sa karatun Alƙur'ani da hoton 'ya'yansa a madadin kiɗan da ba ya ce masa komai.

Akwai bincike a bayanta. A wani gwaji da aka wallafa a 2017, an raba mutum 120 masu alamun ciwon gida biyu, kuma waɗanda suka yi wata uku suna amfani da manhajar sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari suna jira ba a ba su ita ba. Sauƙi ne matsakaici, kuma masu manhajar da kansu sun rubuta ƙarara cewa ba ta maye gurbin likita.

Sai dai idan aka zo kan dakaru na musamman, irin su Green Berets da Navy SEALs na Amurka, nan ne gazawarta take bayyana. A 2020 masanin halayyar ɗan'adam Christopher Frueh da abokan aikinsa sun bayyana wani tarin matsaloli da ke taruwa a jikin irin waɗannan dakaru bayan shekaru na aiki: girgizar ƙwaƙwalwa daga fashewar nakiya, wadda da yawanta a wurin atisayen fasa ƙofofi da harba manyan makamai ake samunta, da rikicewar sinadaran jiki, da sarƙewar numfashi cikin barci, da ciwon baya da gwiwa da kai wanda ba ya yankewa, da dogaro da giya ko ƙwayoyi, da lalacewar zaman aure. Mutumin da ke cikin wannan hali yana iya yin fushi da mantuwa da rashin barci, tambayoyin nan 20 su nuna maki mai yawa, alhali tushen abin yana cikin jiki ne, inda sai an gwada jini, an duba ƙwaƙwalwa, an kwana da shi a ɗakin gwajin barci kafin a gano. Jan numfashi ba ya gyara wannan. Shi ya sa a Amurka aka kafa wurare irin su cibiyar NICoE da ke asibitin sojoji na Walter Reed, wadda aka buɗe a 2010, inda likitocin fannoni daban-daban ke taruwa a kan soja guda na tsawon mako huɗu, da kuma shirin Home Base na birnin Boston, mai kula da lafiyar tsoffin sojoji, da aka fara a 2009. Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojojin tana da wasu manhajoji na daban, kamar CBT-i Coach ta rashin barci da PTSD Family Coach ta iyali, amma wanda kansa ke ciwo ba zai so yawo tsakanin manhaja uku ba.

Ga mai karatu a nan gida akwai cikas biyu. Na farko harshe ne, domin babu Hausa a cikinta, kuma ko sojan da ke jin Turancin bariki zai iya tuntuɓe a wasu bayanan, musamman cikin dare lokacin da zuciya ba ta kwance ba. Ƙasashe irin su Ostireliya da Kanada da Suwidin sun ɗauki manhajar sun gyara ta daidai da mutanensu, abin da ke nuna cewa aikin mai yiwuwa ne ga duk hukumar da ta so. Na biyu, lambar gaggawa da ke ciki, wato 988 sannan a danna 1, ta Amurka ce, ba za ta amsa wa mai kira daga Maiduguri ko Difa ba. Abin da muka yi shi ne cike sashen neman taimako da lambobin mutanen da ya amince da su, wato matarsa, da wani abokin aikinsa da suka yi daji tare, da wani likita ɗan unguwarmu.

Ina ba da shawarar a sauke ta ga tsohon sojan da ke iya karanta Turanci kuma bai shirya buɗe cikinsa ga kowa ba tukuna. Wanda kuwa yake fama da ciwon kai mai naci, ko mantuwa, ko ƙara a kunne, ko tunanin halaka kansa, asibiti ya kamata a fara kai shi, kuma asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke Maiduguri da Kaduna da Kware suna karɓar irin wannan. Ɗan'uwan nawa ya ɗauki jadawalin makinsa na wata biyu ya nuna wa likita a ranar da ya yarda aka raka shi, kuma daga kan wannan jadawali suka fara magana.